Ranar da Ruwan Citta Ya Tashi

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Tasawa da rana tsaka ya san ruwan cittar Zalika. Amma ba kowa ya san hannuwan Zalika ba, don kullum a cikin mayafi take ɓoye su. To, da hannuwan za a fara.

Kwalabe ne suka cinye su. 'Yan kwalaben roban nan da ake shan ruwa a yar, su take saye wurin matan da ke tsinto su a ofisoshi da gidajen biki. Kowace kwalba sai an zuba mata tsakuwa da ruwan sabuni, a girgiza, a girgiza, a ɗauraye, a kife. Bakin kwalba kuwa ɗan tsurut, yatsa ma ba ya shiga. In an gama wanki sai ɗuri da mazurari, ɗaya bayan ɗaya, a tsugune. Sannan a shiga neman murfi, wannan bai hau ba, wancan ya yi sako-sako. Tun rasuwar mijinta haka take, safe da yamma. Tafin hannunta ya tsattsage, in ruwan citta ya shiga tsagar sai ta runtse ido ta ce wash, ta ci gaba. Bayanta kuwa ya daina miƙewa gaba ɗaya, sai dai ta dafa bango.

Rannan autanta Abdul Razak, wanda ke aikin walda a Maraɗi, ya sauko daga mota rungume da wani abu kamar jariri. Wani tulu ne na farin ƙarfe, dogo, ya kai mata ƙugu. Yana da murfi mai roba a baki da ɗan hannu da ake dannewa ya kulle, a gindinsa kuma yaron ya liƙa famfo.

"Auta, mine ne wannan kuma? Ko gas za ka sa ni saidawa?"

"Inna, wurin masu tsofaffin ƙarafa na tsinto shi. Da can lemo ake zubawa ciki. Ki cika, ki rufe, ƙuda ba ya shiga, iska ba ta shiga. Mai saye ya zo ki murɗa ki tara kofi. Kwalabe sun ƙare."

"To wa zai ɗaukar mini wannan ƙato?"

"Baro. Kuma Inna, ba sai kin yi kullum ba. Ki yi na kwana biyu lokaci guda, ki samu ki huta."

Ki huta. Kalmar nan ta shige ta kamar ruwan randa. Ta juya baya tana gyara murhu don kada ya ga fuskarta, ta ce, "Allah shi yi albarka. Ka ci tuwo ko sai na roƙe ka?"

Da fari komai lafiya. Ta cika tulun da safe, ta jefa ƙanƙara, ta tura baro zuwa tasha, kafin la'asar ya ƙare. 'Yan kamasho har suna tsokanarta wai ta zama kamfani. Kofuna ne kawai abin wanki, su kuwa bakinsu a buɗe, wankinsu kamar wasa. Ɗan abin da ke saura a gindin tulun, ƙasa da famfo, ba ta damu da shi ba. Ai haka ta ga uwarta na yi da randa, ba a ƙwaƙule ta tas, ɗan sauran jiya shi ke ba na yau ɗanɗano. Sai ta ɗan watsa ruwa ya fita ta famfo, ta zuba sabo a kai. Na kwana biyun kuwa ba ta taɓa gwadawa ba, jikinta ya saba da tashin asuba, ya ƙi yarda.

Ana haka cikin tsakiyar bazara saƙo ya zo daga Hajiya Fatiha. Ɗiyarta da ta zo haihuwa gida ta sauka, namiji, a kawo ruwan citta ranar suna, mai yawa, mai kyau.

Ita Hajiya Fatihan nan yayar marigayi mijin Zalika ce, tana zaune a wani ƙauye kan hanyar Hawandawaki, inda kwalta ba ta kai ba. Ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya da murfi. Tun ranar da aka kawo Zalika amarya daga Issawane, Fatiha ta binciko cewa kakarta ta wajen uba, Ige, 'yar Anna ce, mutanen da suka tsaya kan al'adar kakanni, kuma har ta tsufa giya take dafawa. Uban Zalika ya musulunta tun yana saurayi, ita kanta da allo ta tashi, amma ina. Ta yi miya gishiri ya wuce, jikar Ige. Ta makara a sallar asuba, jikar Ige. A kunne Fatiha ke raɗa mata, da dariya, ba ta taɓa faɗa gaban baƙi ba, amma kullum Zalika na jin kamar yau za ta faɗa. Shekara da shekaru tana takatsantsan. A Tasawa ba mai jin sunan Issawane a bakinta. Yanzu ga shi ɗiyar Fatiha gidan liman take aure, ranar sunan nan malamai ne za su cika zaure, matansu su cika tsakar gida.

Sai Zalika ta ce bari ta yi abin da ba za a samu abin cewa ba. Ta zaɓo citta ɗanya mai yaji, ta sa kanumfari, ta jiƙa ɓawon abarba don ƙamshi, sukari kuwa ta sake masa hannu, na gidan surukai ne. Ana saura kwana biyu a yi suna, ta yi aikin, don ta tuna maganar Auta. Ta tace, ta juye kan ɗan sauran da ke gindin tulun, ta danne murfin ya ce ƙas. Ƙanƙara babu, wuta ta ɗauke a gari, masu firigo duk sun rufe. Ta ce ba komi, ai a rufe yake, me zai same shi? Ta jingine shi a lungun ɗaki ƙarƙashin rufin kwano.

Washegari ba ta je tasha ba. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, ta shafa man kaɗe a hannuwa, ta kwanta da hantsi. Barcin da ta yi ran nan, kai! Har maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya. Ta farka ta yi azahar, ta koma. Rabon da ta yi wuni ba ta taɓa ruwan sabuni ba, ita ma ba za ta iya tunawa ba.

Ranar suna da sassafe Jaji ya iso da amalanken jakinsa. Jaji taubashin marigayi ne, tsoho mai gemun akuya, tun tana amarya yake kiranta matarsa.

"Matata, fito! Rana na yi, jaki na fushi."

"Wa ya ce ni matarka ce, tsoho da haƙori uku? Zo ka kama mini."

Suka cicciɓi tulun. Jaji ya ce, "Wannan ɗumi da ya yi fa, ko zazzaɓi yake?" Ta ce ɗakin ne da zafi. Ƙanƙara har yanzu babu a gari, ta ce in sun isa a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu. Suka ɗaure shi da igiya, suka kama hanya.

Da suka bar kwalta sai rairayi. Ƙafar amalanke ta nutse, ta fito, ta faɗa rami, tulun na karo da katako, abin da ke ciki na ta kai da komo. Gonaki fayau, ba komai sai guntayen karan gero na bara. Rana ta taso ta zauna a kansu. Zalika ta ja mayafi ta rufe fuska tana gyangyaɗi. Can cikin gyangyaɗin take jin wani ɗan sauti, sii, sii, kamar maciji a cikin ciyawa. Ta ɗauka iskar taya ce.

A gindin wata aduwa Jaji ya tsaida jaki ya huta.

"Matata, maƙogwaro ya bushe. Ko sai malamai sun sa albarka za a ba miji?"

"Kawo kofinka, mayunwaci."

Ta tara kofin, ta murɗa famfo kaɗan. Abu ya yi tsartuwa, fuu, ya buge kofin har ya kusa suɓuce mata. Kumfa ta cika shi, ta malalo kan yatsunta. Jaji ya yi dariya ya karɓe, ya hure kumfar, ya kurɓa. Ya lumshe ido. Ya sake kurɓa.

"La ila! Zalika, mi kika sa? Yana cizon harshe kamar lemon kwalba na kanti. Har hanci yake fitowa. Yau Hajiya sai ta yi guɗa. Ƙaro."

Zalika ba ta ƙara ba. Yatsunta ta kai hanci.

Ba citta ta ji ba, ko da yake cittar na nan. A bayanta akwai wani ɗan tsami mai ɗumi, mai nauyi, wanda rabonta da shi tun tana 'yar yarinya. Nan take ta ga bukkar Ige a Issawane, da manyan tukwane jere an rufe su da faifai, da tsohuwar ta durƙusa ta kara kunne a jikin tukunya. Ta tuna yadda take jawo ta ta ce, zo ki ji, 'yar nan, ta fara magana. In tana raɗa, da saura. In ta yi surutu, ta tashi.

Zalika ta sauko daga amalanke da ƙyar, ta kara kunne a jikin ƙarfen mai ɗumi. Surutu yake.

"Jaji, aje kofin nan."

"Don mi?"

"Ya tashi."

"Ya tashi ya je ina?"

"Giya ce, Jaji. Ko ba ta gama nuna ba, ta kama hanya, ta yi nisa."

Tsoho ya saki kofi. Ya tofar, ya sake tofarwa, ya jawo butarsa yana kurkure baki yana istigfari, ruwa na bin gemu. Da ya gaji ya tsaya yana haki, ya dube ta.

"Ke, kin tabbata kuwa? Ni ban ji komi a kaina ba. Ga jaki ɗaya nake gani."

"Kofi guda ka sha, shi ma rabi."

"To ai su ma kofi guda-guda za su sha. Tsami ne kawai na zafin rana. Kunu ma yana tsami, fura na tsami, wa ya taɓa cewa haramun ne? Ni da na shekara saba'in ban gane ba, wa zai gane? Ki yi shiru, in yi shiru. Sukarin da kika zuba fa? Wahalar fa?"

Ta zauna a kan saiwar aduwa. Wallahi maganarsa ta shige ta, don gajiyar da barcin jiya ya kwantar duk ta dawo lokaci guda, ta hau kafaɗunta. Ta auna. In ta kai shi haka, watakila a shanye a yaba. Watakila kuma cikin malaman akwai wanda ya yi yawon duniya, ya kai kofi baki ya aje. Daga nan wa zai yarda kuskure ne? Jikar Ige ta kawo wa dangin liman giya ranar suna. Har jikokinta sai an faɗa musu. In kuma ta zubar, ta isa hannu biyu, sai an tambaye ta dalili, in ta faɗi dalili sai an tambaye ta yadda aka yi ta gane. Ta duba nan Ige, ta duba can Ige. Abin da ta yi shekaru tana kewayewa, ga shi zaune a tsakiyar hanya yana jiranta.

Sai ta tuna mai jego. Ita za a fara kai wa, babban kofi, a ce sha ki samu ruwan nono.

"Kwance igiyar," in ji ta.

Suka sauke tulun. Famfo ya yi mata jinkiri, sai ta kama hannun murfin ta ɗaga. Ba ta san ƙarfin da ke ciki ba. Murfin ya yi tsalle, kumfa ta yi sama ta sauko mata a ka, mayafi, riga, zanen sunan da ta ajiye tun sallar bara, duk sharkaf. Jaki ya yi kuka ya ja baya. Ita ko motsi ba ta yi ba. Ta sa ƙafa ta tunkuɗe tulun ya kwanta, ta tsaya tana kallon rairayi na shanye cittarta da kanumfarinta da sukarinta. Kafin ka ce me, sai ɗan danshi da ƙudaje.

Jaji ya riƙe jaki gam. "Kai kuma kada ka lasa, ba ni da mai ja mini amalanke in ka bugu." Ya saci kallonta ya ga ba ta yi dariya ba. Ya sassauta murya. "Mu koma gida, in ce musu ba ki da lafiya?"

"In koma in yi mi? Mu je."

Rana ta busar da kayan jikinta kafin su isa, amma warin ya zauna. An riga an raɗa suna tun safe, ana ta fiɗar rago, tsakar gida cike da mata. Hajiya Fatiha ta taso da kanta, ƙatuwa, tana gyara ɗankwali.

"Ga 'yan birni, sai yanzu! Ku sauke, ku sauke, maƙoshin mutane ya bushe." Ta kama tulun da hannu ɗaya, ya taso mata sakayau. Ta tsaya. "Zalika, ina abin?"

"Na zubar, Yaya."

"Kin mi?"

Fatiha ta matso. Hancinta ya motsa. Matan da ke kusa su ma suka fara kallon juna, wata ta ja gefen mayafi ta toshe hanci. Uwargidan liman na zaune kan tabarma da carbi, ta ɗago kai.

Zalika ta nemi tsoron nan da ta saba ji, ba ta same shi ba. Gajiya ta cinye shi. Ƙafafunta kawai ke son zama.

"Tun shekaranjiya na yi shi, na rufe a tulun nan don in huta. Zafi ya dafa shi, ya tashi, ya zama giya. A hanya na gane, na zubar. Abin da kuke ji a jikina shi ne."

Jariri na kuka a ɗaki. Wata mata daga dangin liman ta ce, ba da mugunta ba, don dai ta sani, "To ke baiwar Allah, ya aka yi kika san giya?"

Zalika ta dubi Fatiha. Bakin Fatiha a buɗe, sunan Ige na kan harshenta, ana gani. Sai Zalika ta riga ta.

"Kakata Ige ta Issawane ita ke dafa wa garinsu. A gindin tukwanenta na yi rarrafe. Jaji ya sha ya ce lemon kanti ne."

"Ni kurkurewa na yi!" in ji Jaji daga bakin zaure. "Sau bakwai! A shaida!"

Wata ta tuntsire da dariya, wasu suka bi. Wasu kuwa ba su yi ba, Zalika ta ga biyu sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, ta san kafin kasuwa ta ci labarin ya kai Tasawa. Uwargidan liman ta ja carbi ɗaya, biyu, ta ce, "Allah ya tsare," ta maida kanta ƙasa. Ko me take nufi, oho.

Fatiha ta saki tulun. Kamar wadda aka ƙwace wa sanda, ta rasa inda za ta sa hannu.

"Ni da kin kawo, da na sha na ce a ƙaro," in ji ta a ƙarshe. "Da ɗiyata zan fara ba." Ta ja tsaki. "Kalle ki kamar an tsamo kaza. Shiga ɗakina ki cire wannan, akwai zane kan gado. Sannan ki fito, don ba zan sallami mutane da ruwan rijiya ba. Busasshiyar citta na da ita, tsamiya na da ita. Turmi ga shi can."

Turmi dai. Zalika ta dubi hannuwanta da suka fara laushi da man kaɗen jiya. Ta shiga ta sake zane, ta fito ta ɗauki taɓarya.

Kafin ta zuba komai sai da ta sa aka tafasa ruwa. Ta zuba toka a tulun, ta tura hannu har kafaɗa da soson dawa, ta ƙwaƙule gindin nan da ba ta taɓa ƙwaƙulewa ba, ta buɗe famfo ruwan zafi ya bi ta ciki. Fatiha da kanta ke tsiyaya mata ruwan, tana mita. "Yi a hankali, jikar Ige, kada ki ƙone ki ce ni ce." A fili ta faɗa, gaban kowa. Zalika ta saurara ta ji ko zai yi zafi. Ya yi, amma bai kai na ruwan citta a tsagar hannu ba.

Da la'asar aka fara sha. Ruwan randa ne, ba ƙanƙara, ba ɓawon abarba, bai kai na tasha daɗi ba. Murfin a buɗe ta bar shi, ta yafa masa ƙyalle. Aka kai zaure, aka kai wa mai jego. Matan nan biyu masu ƙus-ƙus suka ce sun ƙoshi. Sauran suka shanye kafin rana ta faɗi.

Da ta koma Tasawa labari ya riga ta, kamar yadda ta zata. Wani malamin lakwal, makarantar boko, da ya saba saye ya daina tsayawa. 'Yan kamasho kuwa sai su miƙo kofi su ce, "Inna, na yau ya tashi ko yana kwance?" Ta ce, "Kwance yake kamar uwarka, sha ka ba ni wuri."

Buhun tsofaffin kwalaben na nan a bayan ɗaki, ba ta koma musu ba. Kullum da yamma sai ta tafasa ruwa, ta wanke tulun har gindi, ta kife shi baki buɗe a kan turmi. Da asuba ta tashi ta daka sabuwar citta. Tsagar hannun ta fara haɗewa, bayan dai yana nan yadda yake.

Da Abdul Razak ya kira ta a waya ya ce, "Inna, kina dai samun hutawa ko?" sai ta dubi inuwar dalbejiya, inda ta yi barcin nan na wuni guda.

"Na samu, Auta," in ji ta. "Sau ɗaya. Ya yi daɗi kuwa."